Tsoho da Dabbarsa: Tambayoyi da Amsoshi kan Kiwon Ɗebe Kewa

Waɗannan tambayoyi ne da ’ya’ya da jikoki suka fi yi idan maganar ajiye wa tsoho ko tsohuwa dabba ta taso, ko kuma maganar raba su da wadda suke da ita. Na amsa su da abin da likitocin mutane da na dabbobi suka tabbatar, da kuma abin da na gani da idona a ɗakin mahaifiyata.

Mece ce dabbar ɗebe kewa? Ba kiwon da muka sani ba ne?

Kusan shi ne, niyya ce ta bambanta. Mu a ƙasar Hausa kiwo asusu ne: akuyar da za a sayar a yi wa yarinya kayan ɗaki, ragon da ake turka wa layya, kazar da za a yanka wa baƙo. A Turai da Amurka kuwa ana ajiye kare ko kyanwa don zama tare kawai, ba don nama ko kuɗi ba. Amma duk wanda ya zauna da tsohuwa mai kiwo ya san abin bai rabu gida biyu haka ba. Akwai akuyar da ake sayarwa, akwai kuma wadda ko an taya da tsada za ta ce a’a, wannan uwar garke ce. Tana da suna, ana yi mata magana, ana yi mata faɗa idan ta yi ɓarna. To wannan ita ce dabbar ɗebe kewa, ko da ba a taɓa kiranta da haka ba.

Wane amfani tsoho yake samu a zahiri?

Babban amfanin, a ganina, shi ne a wayi gari akwai mai jiransa. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana buƙatarsa, yana ciyarwa, yana tufatarwa, ana kawo masa ƙara yana sasantawa, sai a kai lokacin da komai yi masa ake yi. A kawo abinci, a kawo magani, a ce Baba ka huta. Hutun nan idan ya yi yawa ciwo ne. Dabba ba ta san ya tsufa ba. Ita dai ta san da hantsi shi ne mai watsa tsaba.

Lokacin da muka ɗauko Innarmu daga ƙauye bayan rasuwar mahaifinmu, mun sayar da awakinta uku da kajinta, muna ganin mun sauke mata wahala. Ɗaki muka gyara mata mai fanka da talabijin. Cikin wata biyu ta rage cin abinci, ta daina fitowa tsakar gida, bayan sallar asuba sai ta koma ta kwanta har azahar. Mun kai ta asibiti an auna komai, ba a ga wani sabon ciwo ba. Wata ƙanwarta ce da ta zo dubiya ta riƙo mata kaza da ’yan tsaki bakwai a kwando. Washegari tun kafin rana ta fito na ji muryarta a bayan ɗaki tana “kur-kur-kur”, da ’yar ƙwaryarta ta tsakin gero a hannu. Ta ƙirga su, ta ce ɗaya yana ɗingishi a nemo mata toka. A ranar ta ci tuwonta ta cinye. Ban ce kaza ta warkar da ita daga rashin miji ba, amma ta ba ta dalilin ɗaura zane ta fito.

Daga nan sauran amfanin suke biyowa. Akwai motsa jiki ba tare da an kira shi motsa jiki ba: sunkuyawa, shara, ɗebo ruwa a ɗan kwano, zagaya gida neman wadda ta ɓuya ta yi ƙwai. Akwai tsarin lokaci, wanda yake gyara barci da cin abinci. Akwai kuma jama’a, domin dabba tana jawo mutane. Jikoki sun fi zama a wurin kakar da ke da ’yan tsaki, maƙwabciya za ta leƙo neman ƙwan sakawa, dattijo mai tantabaru kullum da yamma akwai samari biyu ko uku a ƙofarsa ana musu kan wace ce ta fi tashi.

An ce ajiye dabba yana rage hawan jini har ya ƙara tsawon rai. Gaskiya ne?

Rai dai na Allah ne, amma an yi bincike a kan lafiyar masu dabbobi, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya cewa ajiye dabba, musamman kare, mai yiwuwa yana da alaƙa da raguwar haɗarin ciwon zuciya. A cikin matsayar sun gargaɗi mutane da kada su ɗauko dabba don wannan dalili kaɗai. A 2017 masu bincike a jami’ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka duba bayanan mutum fiye da miliyan 3 na tsawon shekara 12, suka ga cewa a cikin masu zaman kaɗaici, waɗanda ke da kare sun fi ƙarancin mutuwa a wannan tsakani da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, alaƙa aka gani, kuma mai yiwuwa mutumin da tun asali yake da ƙarfin jiki shi ne yake iya riƙe kare. Na biyu, mai yiwuwa wani ɓangare na amfanin yana zuwa ne daga fita yawo da kare safe da yamma, wanda al’adarsu ce ba tamu ba. Abin da za mu ɗauka a ciki shi ne tafiya da ƙafa da raguwar kaɗaici suna yi wa zuciya kyau. Kada wanda ke shan maganin hawan jini ya ajiye shi saboda an kawo masa kyanwa.

Wace dabba ce ta fi dacewa da tsoho?

Wadda ya riga ya sani. Mutumin da ya shekara saba’in ba lokacin koyon sabuwar dabba ba ne a wurinsa, lokacin komawa ga abin da hannunsa ya saba ne. Bayan wannan sai a duba ƙarfin gwiwarsa, da ganinsa, da numfashinsa, da faɗin gidan.

Kajin gida su na fi ba da shawara ga yawancin tsofaffin mata. Ba su ture mutum, ba su da tsadar ci, uku ko huɗu sun isa, kuma kwana 21 kaza take yi a kan ƙwai, don haka kullum akwai abin jira a kusa. Matsalarsu annobar da kan share akurki da sanyin hunturu, kuma tana da rigakafi mai sauƙi da ake ɗiga musu a ido ko a zuba a ruwan sha.

Kyanwa ita ce ta mai zaman ɗaki, wanda gwiwa ta riga ta hana shi fita sosai. Tana tsabtace kanta, tana zuwa ta kwanta kusa da ƙafa lokacin lazimi, kuma tana aiki, domin gidan da take ɓera ba ya sakewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zazzaɓin Lassa yake dawowa duk rani, tunda ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ake ɗaukarsa. A nemi babba mai natsuwa, ba ’yar ƙarama mai tsalle-tsalle da shiga tsakanin ƙafafu ba. A kuma sani kyanwa mai samun kulawa tana iya kai shekara 15, kuma idan mace ce, ciki wata biyu ne kacal, gida zai cika in ba a kai ta likitan dabbobi ya yi mata aikin tsayar da haihuwa ba.

Akuya ita ce abar son iyayenmu, musamman jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi mai yawan tagwaye. Wata biyar take yi ta haihu, tana ba da madara da taki da kuɗin kashewa, kuma tsohuwar da ke da ita ba ta jiran sai ɗanta ya aiko kafin ta yi gudummawar biki. Wannan mutunci ne da bai kamata a raina ba. Amma akuya tana da ƙarfi, tana fizgar igiya, kuma abincinta nauyi ne da shi. Ɗaya ko biyu, mata, kuma da sharaɗin akwai yaron da zai ɗauko harawa ya share turke. Rago da bunsuru ba na tsoho mai rauni ba ne. Tunkuyi ɗaya a ƙugu ya isa ya kwantar da mutum kwanciyar da ba zai tashi ba.

Tantabara ta dattawa maza ce tun fil azal, kuma kallonsu kaɗai yana kwantar da rai. Sharar ɗakinsu ce matsalar, zan zo kanta.

Aku kuwa ba na ba da shawararsa. Yana iya shekara 40 ko fiye, yana shaƙuwa da mutum ɗaya har ya riƙa fige gashinsa idan ya rasa shi, kuma tun 2017 yarjejeniyar duniya ta kare namun daji ta haramta cinikin aku mai toka-toka da jar wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda ya kusa ƙarewa a dazuzzukansa.

Me addini ya ce game da ajiye dabba a gida?

Ga Musulmi asalin abin halal ne, da sharaɗin ba da haƙƙi. Kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ya zo a Buhari da Muslim, haka ma na mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Game da kyanwa, Imamu Malik ya ruwaito hadisin Abu Ƙatada cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Saboda haka tsohuwar da kyanwa ta sha ruwan butarta kada ta shiga waswasi. Sunan Abu Huraira ma daga ’yar kyanwar da yake ɗauka ya samo asali.

Ga wanda tsufa ya hana shi azumin nafila da yawan zuwa masallaci, ciyar da mai rai da shayar da shi ƙofar lada ce da take nan a tsakar gidansa. Na ga yadda wannan tunani yake faranta wa tsofaffi rai, kuma gaskiya ne ba lallashi ba.

To kare fa?

Hadisi ya yi izinin kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada kullum ga mai ajiye shi ba don haka ba. Malamai da yawa sun ƙiyasta gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa. A gidajen Hausawa Kirista da sauran maƙwabtanmu kare abokin zama ne, kuma dattijon da ya saba da shi yana samun tafiyar ƙafa da natsuwar dare.

Ta fuskar lafiya ƙa’idar ɗaya ce ga kowa: allurar rigakafin haukan kare tun yana wata uku, sannan a maimaita duk shekara, a kuma adana katin. Babban kare mai fizga bai dace da mai shekara 75 ba, ko da yana son sa.

Mene ne haɗarin da aka fi mantawa da shi?

Faɗuwa. Mutane suna tsoron cuta, alhali tuntuɓe ma yana yawan kai tsoho asibiti saboda dabba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa a tsakanin 2001 da 2006, mutum fiye da 86,000 ne duk shekara ake kai wa sashen gaggawa saboda faɗuwar da ta shafi kare ko kyanwa, kuma ’yan shekara 75 zuwa sama abin ya fi shafa gwargwadon yawansu. A gidajenmu abin da ke kayar da mutum igiyar akuya ce da ta gitta hanyar banɗaki, da turken da ba a gani da dare, da santsin ruwan da aka zubar wajen wanke kwanon sha, da kyanwar da ke kwanciya a bakin ƙofa.

Karayar ƙugu a tsufa ba kamar ta yaro ba ce. Da yawa daga ita ba su ƙara tafiya da ƙafarsu. Don haka a kafa turke nesa da hanyar da yake bi zuwa alwala da bayi, a gajarta igiya, a sa fitila mai caji ko ta sola a tsakar gida, a ɗaura wa kyanwa ’yar ƙararrawa. Kwanon abinci da na ruwa a ɗora su a kan ɗan dakali yadda ba sai an sunkuya har ƙasa ba, domin jiri ya fi kama mai hawan jini a lokacin ɗagowa.

Waɗanne cututtuka ake ɗauka daga dabba?

Mafi muni haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare. Kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, shi ya sa ita ma ake yi mata allurar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Tantabara da aku da kaji, ƙurar busasshen kashinsu da gashinsu ita ce abin tsoro. Shaƙarta shekara da shekaru yana kumbura huhu, mutum ya riƙa tari da haki ana ta ba shi maganin asma ko na tarin fuka ba a dace ba. Duk dattijo mai tsuntsaye da ya je asibiti da tari, ya faɗa wa likita yana kiwonsu. Shara kuma a bar wa mai ƙuruciya, ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hanci. Kada akurki ya kasance a ɗakin kwana ko jikin tagarsa. Idan kaji suka fara mutuwa rututu, kada a yanka a ci don gudun asara, kada kuma tsoho ya taɓa su da hannu. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma tun daga nan takan dawo.

Akuya da tunkiya suna ɗauke da cutar da ke sa su ɓari, mutum kuma ya kamu ta shan ɗanyar madara ko taɓa mahaifa da hannu tsirara, ya yi ta zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta zaton maleriya ce ko sanyin ƙashi. A tafasa madara. Mai karɓar haihuwar akuya ya sa safar hannu, ko da leda ce.

Kashin kyanwa yana da wata ƙwayar cuta mai haɗari ga mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka ba su ne masu kwashewa ba. Sai makero, da ƙuma, da kaska. Yawancin wannan duka wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba, da maganin tsutsar ciki a kan kari, da rigakafi suna tare shi.

Idan ta cije shi ko ta yaƙushe shi me za a yi?

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a tura gashin kare a ciwon, kada a sa toka ko kanwa ko man birki, kada a ɗaure tamau. Daga nan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Likita zai duba ko ana buƙatar allurar haukan kare, wadda ake yi kashi-kashi a ranaku daban-daban kuma dole a kammala, da ta ciwon sarƙe haƙora. Cizon kyanwa a hannu yana da yaudara: baki ƙarami, rami mai zurfi, kuma cikin kwana ɗaya yana iya kumbura ya yi ruwa.

Mahaifina yana da ciwon suga. Zai iya?

Zai iya, da kiyayewa. Mai suga sau da yawa ba ya jin ƙafarsa sosai, kuma ƙaramin ƙwarzane yana iya zama gyambon da ba ya warkewa. Kada ya shiga wurin dabbobi ba takalmi rufaffe, kuma wani ya riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Mai shan maganin tsinka jini shi ma ya kiyayi farce da kaifin baki. Mai asma ko tsohon ciwon huhu, tsuntsaye ba nasa ba ne, kyanwa ma a gwada zama da ita na ’yan kwanaki kafin a yanke shawara. Wanda ake yi wa maganin kansa ko wankin ƙoda, a tambayi likitansa tukuna.

Kuɗin fa? Wa zai ɗauka?

A yi wannan magana tun kafin dabba ta shigo. Da damina da kaka kiwo kamar kyauta ne, amma daga bazara zuwa faɗuwar ruwa dusa da harawa suna tashi, kuma a nan ne tsohuwa take fara raba tuwonta biyu da akuya ba ta faɗa wa kowa ba. Na san waɗanda suka rage sayen maganinsu don kada dabba ta kwana da yunwa. Ɗan da ke aika kuɗin cefane ya ware na dabba daban, ya fi kyau ma ya sayi harawa da kaka lokacin da take da araha a ɗora a rufin ɗaki.

Akuyar da aka bari tana yawo a gari don a rage kuɗin abinci leda take ci, ledar ta taru a tumbinta, ta yi ta ramewa da ƙaton ciki har ta mutu. Rigakafin annobar awaki da tumaki, mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, yana samuwa a ofisoshin likitocin dabbobi na jiha da na ƙananan hukumomi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa shi tare da na kaji da na kare. Masu kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri suna da asibitocin koyarwa na dabbobi a jami’o’in garuruwan. Gargaɗi ɗaya da nake so kowa ya riƙe: kada a ba dabba maganin mutum. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa.

Zan iya saya wa mahaifiyata dabba in kai mata ba tare da ta sani ba, don ta yi murna?

Kada ka yi. Ka tambaye ta, ka kuma saurari amsar. Wata tsohuwar ta yi kiwo shekara sittin ta gaji, abin da take so yanzu carbi da rediyo da jikoki. Idan ka kawo, kunya za ta hana ta ƙi, ka ɗora mata nauyi da sunan kyauta. In ta ce tana so, bar ta ta zaɓa da kanta, ko ta aika wanda ta yarda da idonsa kasuwa. Ta fi ka sanin akuya mai albarka.

Kuma ka binciki zuciyarka. Idan kana kawo dabbar ne don ka rage zuwa gaishe ta, ta riga ka ganewa. Kyanwa ba ta tambayar “Inna yaya ƙafar?”, ba ta kai mutum asibiti, ba ta tuna masa sunayen waɗanda suka rasu a yi musu addu’a tare. Gidan da na ga dabba ta yi amfani sosai, gidan da mutane suke shiga ne.

Muna zaune a gidan haya a birni, ba fili. Akwai dabara?

Akwai, amma a fara da mai gida da maƙwabta, domin haƙƙinsu yana gaba. Warin turke da carar zakara da asuba sun raba zumunci da yawa. Kyanwa ɗaya da kwanon yashi, ko kaji mata biyu a keji mai tsabta ba zakara, ko kanari a baranda, yawanci ba su damun kowa. In duk ba hali, faranti na ruwa da ɗan gero a bakin taga yana tara kurciyoyi da ’yan tsuntsaye kowace safiya, musamman da zafin bazara. Na ga dattijon da wannan kaɗai ya zame masa abin jira, har ya san wadda ke fara sauka.

Idan mantuwar tsufa ta fara fa?

A farkon ciwon, dabbar da ya saba da ita tana kwantar masa da hankali, musamman da yamma lokacin da rikicewa ta fi tashi. Wani ya manta sunan jikansa amma hannunsa bai manta shafa bayan kyanwa ba. A Japan har wata na’ura mai laushin gashi da siffar dabba suka ƙera don irin waɗannan marasa lafiya. Kada a yi gaggawar raba su. Abin da ake yi shi ne a karɓe nauyin a bar masa jin daɗin: wani ya riƙa lura da abinci da ruwa a ɓoye, domin zai iya mantawa kwana biyu ko ya ba da sau shida a yini. A ɗauke maganin dabbobi da na ƙwari daga inda hannunsa zai kai. Idan ya fara dukan dabbar ko yana tsorata da ita, ko yana bin ta waje ya ɓace, lokacin mayar da ita gidan wani ɗan’uwa ya yi, inda za a riƙa kai shi ya gan ta.

Wa zai riƙe ta idan an kwantar da shi a asibiti, ko ya tafi aikin Hajji, ko ta Allah ta kasance?

A sa sunan mutum ɗaya tun yau, a gaban tsohon, kuma mutumin ya amsa da bakinsa. “Yara za su duba” ba amsa ba ce, dabbar kowa ita ke kwana da ƙishirwa. Akwai tsofaffin da ke ƙin kwanciya a asibiti saboda ba su san wa zai rufe akurki ba, kuma ba su faɗin dalilin sai dai su ce sun ji sauƙi. Lokacin da aka kwantar da Inna kwana tara, tambayarta ta farko kowace safiya kajinta ce. Jikanta yakan ɗauko hotonsu a waya ya nuna mata, ta ƙirga da yatsa a kan gilashin, sannan ta karɓi kokonta.

Dabbar da ke da ƙima kamar akuya da tunkiya dukiya ce, tana shiga gado. In yana son ya ba wani jika, ya bayar tun yana da rai a gaban shaidu.

Dabbarta ta mutu, ta shiga damuwa sosai. Mu sayo wata nan da nan?

Ku dakata tukuna, kuma kada kowa ya ce mata “don akuya kawai?” Wadda ta binne miji da ƙawaye da wataƙila ’ya’ya, mutuwar dabbar da take yi wa magana kullum tana tayar da duk waɗancan. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙaninsa Abu Umair da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya yi baƙin ciki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kula da damuwarsa har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ku zauna da ita, ku bar ta ta ba da labarin ranar da aka kawo ta da yawan ’ya’yan da ta haifa.

Haka nan idan za a sayar ko a yanka wadda ta shaƙu da ita, da izininta za a yi, ba a bayan idonta ba, ko da kuɗin magani ake nema. Wasu sun fi so a kai kasuwa a sayo wata a yanka maimakon tasu, kuma a bi musu hakan.

Ku lura da ita makonni biyu zuwa uku. Idan ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace, ko ta fara cewa ita ma tafiya ta kusa, a kai ta ga likita, domin ciwon damuwa a tsufa yana da magani. Maganar sabuwar dabba kuwa ita za ta ɗauko ta da kanta, sau da yawa a kaikaice, ta ce ta ji an ce akuyar gidan wane ta haifi tagwaye mata. Ranar sai a aika a tambayo kuɗin ɗaya.